Riga Mai Igiya Biyu

Ni ne mai gugar Nafi'u,
a Kwanar Jaba, jikin rumfar mai faci.
Dutsen gugata na gawayi ne,
don wutar layinmu baƙuwa ce,
ba ta sallama in za ta tafi.

Riguna huɗu yake kawo mini, farare tas,
igiya biyu a kowace kafaɗa,
wuyan ya sha gumin wani gari.
Na taɓa tsintar rasit ɗin shayin Legas
a aljihu ɗaya da ƙwallon dabinon Jidda.

Unguwa na cewa ya haye.
"Ɗan Hajiya Tabawa na tuƙin jirgin sama,
kuɗi sai ya gaji da ƙirga."
Ni da nake juya bakin hannun riga
na san inda zare ya soma saki.
Bashin makarantar Zariya
na cinye albashin tun da ɗuminsa,
filin da uban ya sayar a Rijiyar Zaki
har yau yana hannun mutane.

Sunansa ne can ƙasan jadawali.
Manya su tsame tsoka, su bar masa ƙashi:
tashin kafin assalatu, kwanan otal, ranar Sallah.
Da aka ɗaura auren ƙanwarsa
yana tsakanin Abuja da Fatakwal,
goronsa a leda aka ajiye
har ya bushe.

Akwai ranakun zaman ko-ta-kwana.
Ya zo ya zauna bisa bencina,
takalmi a goge, jaka a ɗaure,
waya a tafin hannu kamar ƙwai.
Ko Kwari ba ya iya leƙawa.
In ta yi ƙara, sa'a guda gare shi.
In ta yi shiru, rana ta faɗi,
ya miƙe da gajiyar wanda bai je ko'ina ba.

Ya ce, "Malam Isiya, kujerata ta dama ce.
Na hagu wani ya riƙe ka kamar ƙane,
wani ku keta gajimare sa'a uku
ba ka ji daga bakinsa ba sai umarni.
Duk wata shida a rufe ni a akwatin gwaji,
a kashe inji ɗaya, a kunna gobarar ƙarya,
a zuba ido ko hannuna zai yi rawa.
Likita kuma na nan da awonsa.
Ran da jini ya hau, takarda ta sauka."

Barcinsa na azahar ne,
zane a taga, auduga a kunne,
injin markaɗen maƙwabta na ta aikinsa.

Na ce, to me ya riƙe ka?

Ya daɗe yana kallon garwashi.
"In muka taso da dare, muka wuce Tiga,
Kano ta bazu ƙasa kamar an zubar da kaskonka,
Dala da Goron Dutse baƙi wuluk a tsakiya.
Sai Kyaftin ya janye hannu,
ya ce jirgi naka ne.
Mutum ɗari da hamsin na gyangyaɗi a bayana,
ba wanda ya san sunana.
In taya ta taɓa ƙasa, jaririn da ke baya bai farka ba,
wannan daren ba na tuna bashi."

Jiya ƙarfe uku na ji rugugi bisa kwanonmu.
Ban sani ba ko shi ne.
Na dai tashi na hura gawayi,
na yayyafa wa farar riga ruwa,
na bi igiyoyin nan biyu a hankali,
na bar wurin ta uku a miƙe.